Manhajojin AI a aikin lauyan kotu: wanne aiki za a ba su, wanne za a hana su?

Sabon_Lauya

Assalamu alaikum manya. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a wannan aiki. Ƙaramin ofishi ne mai lauyoyi huɗu, yawancin aikinsa shari'un filaye da bashi a Babbar Kotun jiha, sai ɗaukaka ƙara jefi-jefi, da wasu shari'un gado da ke tasowa daga kotunan Musulunci. Ana tunanin fara biyan kuɗin wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wato AI, amma ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ChatGPT na kyauta ma ya wadatar, wasu na cewa sai dai irin wadda aka gina don lauyoyi, wasu kuma sun ce a bar abin gaba ɗaya kada a jawo wa kai abin kunya a gaban alƙali.

Tambayata: a aikin da ya shafi kotu kai tsaye, wato neman hukunce-hukuncen da suka gabata, karanta kundin shari'a, shirya tambayoyin da za a yi wa shaida da rubuta jawabin ƙarshe, a ina waɗannan manhajoji ke da amfani na gaske, a ina kuma suke kayar da mutum? Kuma yaya ake tantance abin da suka fitar ba tare da an sake yin aikin daga farko ba? In har sai an sake yin komai, ban ga ribar ba.

Barista_Dattijo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara raba aikin gida biyu, sauran bayanin duk a kan wannan rabon zai hau. Akwai aikin da takardar tana hannunka, kai ka ba manhajar, kana iya buɗe shafi ka duba ko abin da ta faɗa yana nan. Akwai kuma aikin da kake tambayarta doka daga kanta. Na farkon tana da amfani sosai. Na biyun shi ne inda ake karyewa.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Irin su ChatGPT, Claude da Gemini ba ma'ajiyar hukunce-hukunce ba ce da ake buɗewa a ɗauko. An horar da su ne su yi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Sun ga dubban ambaton shari'u, sun san siffarsu: sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, shekara, lambar juzu'i, NWLR (jerin littattafan da ake buga hukunce-hukuncen kotunan Najeriya a ciki), lambar kashi, shafi. Idan ka nemi hukunci a kan wata mas'ala, za ta iya haɗa maka abin da ke da wannan siffa cif, amma babu shi a duniya. Ba ta ma san ta yi ƙarya ba, shi ya sa muryarta ba ta rawa.

Abin ya fara fitowa fili a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca a kotun tarayya ta New York a 2023. Lauyoyin mai ƙara sun gabatar da shari'u shida da ChatGPT ya ƙirƙiro. Abin lura shi ne lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko shari'un na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000 a watan Yuni na shekarar. A Ingila, a Yunin 2025, Babbar Kotu ta haɗa shari'ar Ayinde da ta Al-Haroun ta yi hukunci ɗaya a kansu. A ta Al-Haroun, cikin shari'u 45 da aka ambata, 18 babu su. Kotun ta ce lauyan da ya yi haka na iya fuskantar tuhumar raina kotu ko a miƙa shi ga hukumar ladabtarwa. Kada ka ɗauka tamu hukumar ladabtar da lauyoyin, wato LPDC, za ta fi sassauci.

Sai manhajojin da aka gina don lauyoyi, irin su Lexis+ AI, da CoCounsel na kamfanin Thomson Reuters, da waɗanda LawPavilion ke yi a nan gida. Bambancinsu shi ne suna fara binciko ainihin hukunce-hukunce daga ma'ajiyarsu, sannan su rubuta amsa a kan abin da suka binciko. Wannan ya rage ƙirƙirar shari'ar da babu ita, amma bai kawar da kuskure ba. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada su a 2024, suka samu Lexis+ AI na ba da amsa mai kuskure ko marar madogara a fiye da kashi 17 cikin 100 na tambayoyin, ta Westlaw kuwa, wadda ita ma ta Thomson Reuters ce, kusan ɗaya cikin uku. A dokar Amurka ke nan, wadda aka gina su dominta. Mafi yawan manhajojin waje ba su da hukunce-hukuncen kotunanmu a ma'ajiyarsu, don haka tambayar farko ga duk mai tallata maka manhaja ita ce: waɗanne kotunan Najeriya ke ciki, daga wace shekara zuwa wace, kuma bayan kwana nawa sabon hukunci ke shiga?

Kuskuren waɗannan ya fi wuyar kamawa, domin shari'ar tana nan, sunanta daidai, lambarta daidai, abin da aka jingina mata ne ba nata ba. Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne. Wani lokaci ta ɗauko hujjar lauyan wani ɓangare da alƙali ya maimaito a farkon hukunci, ta kawo maka a matsayin matsayar kotu. Wani lokaci ta ɗauko maganar gefe ta mayar da ita ginshiƙin hukunci. Wani lokaci kuma daga hukuncin marasa rinjaye ta ciro. Ka ɗauki shari'ar Buhari da INEC ta Disamban 2008, inda Kotun Ƙoli ta rabu huɗu da uku. Hukuncin Oguntade da Mukhtar da Onnoghen yana da kalamai masu ƙarfi da daɗin ambato, kuma irinsu ne na'ura ke saurin cafkowa, alhali ba su ne hukuncin kotun ba.

Ga kuma matsalar tsohuwar doka. Dokar Shaida ta 2011 ta sauya lambobin sassa. Zaton da ake yi a kan wanda ya ɓoye hujja, wanda tsofaffin hukunce-hukunce ke kira sashe na 149(d), yanzu 167(d) ne. Nauyin kawo hujja ya tashi daga 135 zuwa 131. Manhajar ta karanta hukunce-hukuncen shekaru da dama masu tsohuwar lamba, don haka can take karkata. Haka take yi da dokar kamfanoni ta 1990 da ta 2020. Kai da kake Arewa kuma ka ƙara lura, rubuce-rubucen intanet a kan laifuka sun fi yawa a kan dokar Kudu, sai ka ga ta kawo maka sashe na 419 a shari'ar zamba da ke gaban kotun da ke aiki da Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa.

Tantancewa ba sake aikin ba ne in ka tsara ta. Kowace shari'a da za ta shiga takardarka, ka buɗe ta a NWLR ko LPELR (ma'ajiyar hukunce-hukunce ta LawPavilion) da hannunka, ba ta mahaɗin da manhajar ta ba ka kaɗai ba. Ka duba sunaye da shekara da kotun. Ka nemo sakin layin da aka ambata, ka karanta na gabansa da na bayansa. Ka duba wane alƙali ne ya faɗa, kuma shi ya jagoranci hukuncin ko saɓawa ya yi. Sannan ka duba ko wata kotu ta sama ta rushe shi ko ta bambanta shi daga baya. Duk abin da ke cikin alamar zance, ka gwada shi kalma da kalma. Shari'ar da ka kasa samu a ma'ajiya biyu, cire ta, komai daɗinta. Kuma kada ka tambayi manhajar ta tabbatar maka da kanta.

Mai_Kundi

Barista ya gama magana a kan bincike, ba ni da abin ƙarawa. Ni ɓangaren da ya ce yana da amfani zan buɗa, domin a nan ne kuɗin da za ku biya zai dawo.

Kundin ɗaukaka ƙara mai shafi 600 ko 900, ko tarin takardun banki na shekara biyar, su ne abincin waɗannan manhajoji. Sai dai sakamakon ya dogara da shirin da aka yi kafin a loda. Mafi yawan abin da ake zargin manhaja da shi, a wajen sikanin ya lalace.

A yi sikanin a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoton, shafi a miƙe, ba hoton waya da inuwar hannu ba. A bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, wadda ake kira OCR. Kafin a ci gaba, a zaɓi shafi goma daga wurare daban-daban a gwada rubutun da ya fito da ainihin takardar. Wuraren da ke lalacewa kusan kullum iri ɗaya ne: inda hatimin magatakarda ya hau kan rubutu, kwafin da aka yi wa hoto sau uku ya dushe, teburin lissafi da layukansa ke cakuɗewa, da lambobi, musamman 1 da 7, 3 da 8, 0 da 6. A shari'ar bashi, lamba ɗaya ta sauya an sauya ƙarar. Rubutun hannun alƙali kuwa, in kundin bai samu bugawa ba, gara a ba mai buga takardu ya buga a tantance, sannan a loda.

Abu na biyu, lambar shafi. Lambar da kotu ta sani ita ce wadda aka buga a jikin kundin, ba wadda kwamfuta ke ƙirgawa ba. Bango da jerin abin da ke ciki kan sa su bambanta da shafi huɗu ko biyar. Ka gaya wa manhajar a fili wacce za ta riƙa ambata, in ba haka ba duk ambaton da ke jawabinka zai goce.

Na uku, kada ka zuba mata kundin gaba ɗaya ka ce ta taƙaita. Ko da kamfanin ya ce tana ɗaukar shafi dubu, an lura cewa waɗannan manhajoji sun fi riƙe farkon dogon rubutu da ƙarshensa, tsakiya kuma su yi mata ɗaukar tsinke. Ka yanka shi bisa tsarinsa: takardun ƙara daban, shaidar kowane mai shaida daban, hujjojin da aka karɓa daban, hukunci daban, kowane yanki kada ya wuce shafi 40 zuwa 50. Sannan umarnin ya zama mai iyaka. Misali: «Daga shaidar mai shaida na biyu na mai ƙara kaɗai, fito da duk inda ya ambaci ranar da aka biya kuɗin filin, da adadin, da wanda ya karɓa. Kowanne ka kawo kalamansa yadda suke da lambar shafi. In bai ambata ba, ka ce bai ambata ba.» Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin in ba ka buɗe mata ƙofar cewa babu ba, za ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya.

Da wannan tsari, ayyuka uku take yi da kyau. Jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, kowanne da shafinsa. Gwada rubutacciyar shaidar da mutum ya rantse a kai da abin da ya faɗa lokacin tambayoyin ƙure, a fito da inda suka saɓa. Da kuma gwada takardun ƙara da shaidar da aka bayar, a ga wane sakin layi ne ba a kawo masa shaida ba, wace shaida ce kuma aka bayar a kan abin da ba a rubuta a ƙara ba. Wannan na ƙarshen aikin kwana biyu ne da hannu. Tambayoyin ƙure kuwa, za ta ba ka jerin wuraren rauni, amma tsara su naka ne. Ita ba ta san tambayar da bai kamata a yi ba, takan jero har da wadda za ta ba shaida damar gyara ɓarnarsa.

Ka tuna abin da ta tsallake ya fi abin da ta ƙara haɗari, domin wanda ta ƙara za ka gani, wanda ta tsallake ba za ka gani ba. Maganin wannan ya daɗe a wajen masu tace takardu da na'ura a manyan shari'u. Tun 2012 alƙali Andrew Peck a New York ya amince da hakan a shari'ar Da Silva Moore, Ingila ta biyo baya a 2016 a shari'ar Pyrrho. Abin da suke yi shi ne ɗibar samfuri daga tarin da na'ura ta ce ba shi da amfani, mutum ya karanta da idonsa. A babban tari, takardu kamar 385 da aka ɗiba ba tare da zaɓe ba sun isa su ba ka hoto mai tabbacin kashi 95, da kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa. In ka samu masu muhimmanci a ciki, ka gyara umarnin ka sake. A ƙaramin kundi, ka ɗebi shafi ɗaya cikin goma.

Lissafi kuma kada ka bar mata. A ƙarar zaɓe, inda kwana 21 kawai ake da su a shigar, kotun kuma kwana 180, akwai jarabar a loda fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfar zaɓe, na ɗaruruwan rumfuna a ce ta tara. Ta ciro lambobin zuwa tebur, wannan daidai ne. Amma tarawa da gwada ƙuri'un da aka kaɗa da adadin waɗanda aka tantance, Excel ne zai yi, mutum biyu kuma su bi layi-layi da kwafin da aka tabbatar.

Sabon_Lauya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To yaya batun takardun Hausa? Yawancin yarjejeniyar cinikin gona da saƙonnin WhatsApp da ake kawowa da Hausa suke, wasu ma saƙon murya ne. Kundin kotunan Musulunci ma da Hausa yake zuwa. Za a iya dogara da fassararta, kuma tana da wani amfani a mas'alolin fiƙihu?

Almajirin_Fiƙihu

Barista, a nan sai a hankali. Fassararta ta isa ta nuna maka abin da takarda ke magana a kai, ka san wacce za ka ba muhimmanci. Ba ta isa ta shiga kotu ba. Babbar Kotu da na sama da ita da Turanci suke aiki, takardar Hausa kuma sai da fassarar da mutum ya yi, wanda za a iya kira ya rantse a yi masa tambayoyi. Ka san ƙa'idar da ke kan bayanin wanda ake tuhuma da aka ɗauka ta bakin tafinta, in ba a kira tafintan ba bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. Manhaja ba ta shiga akwatin shaida.

Matsalar kuma ba ta doka kaɗai ba ce. Mutane a waya ba sa sa ƙugiya a haruffa, ba sa raba kalmomi daidai. Wani ya rubuta «kudin na bashi ne». In «na ba shi» yake nufi, ya ce ya miƙa kuɗin ke nan, ƙila ma kyauta. In «na bashi» yake nufi, rance ne. Shari'ar gaba ɗaya tana iya rataya a nan, manhajar kuwa za ta zaɓi ɗaya ta wuce ba tare da ta gaya maka akwai na biyu ba. Don haka in za ka ba ta, ka umarce ta ta ajiye Hausar a gefe ɗaya, fassarar a ɗaya gefen, ta kuma yi alama a duk jimlar da ke ɗaukar ma'ana biyu. Saƙon murya ya fi wannan muni. Manhajojin mayar da magana rubutu sun samu horo kaɗan da Hausa in aka gwada da Turanci, ga bambancin karin harshen Sakkwato da na Kano, ga hayaniyar kasuwa a bayan mai magana. Sukan ƙirƙiro jimla sukutum a inda aka yi shiru. Takardar ajami kuwa ka kai wa malami kawai.

Fiƙihu kuma, babbar illarta cakuɗa mazhabobi. Kotunanmu a kan Malikiyya suke, rubuce-rubucen fiƙihu da ke intanet da Turanci kuwa da yawansu daga wasu mazhabobin suke. Ka tambaye ta gadon kaka tare da 'yan'uwan mamaci, tana iya ba ka amsar Hanafiyya cewa kakan ya katange su, alhali a Malikiyya suna tarayya. Ka tambaye ta hukunci da shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa a sha'anin dukiya, tana iya cewa bai inganta ba, alhali Malikiyya ta karɓa. Tana iya duba maka kundi daga farko har ƙarshe ba ta lura ba a yi i'izari kafin yanke hukunci ba, wato tambayar wanda za a yanke wa hukunci ko yana da sauran hujja, wanda shi kaɗai kan isa a rushe hukunci a ɗaukaka ƙara, sai in kai ka ce ta nemo shi. Sannan takan shigo da Dokar Shaida inda ba ta da hurumi, domin sashe na 256 ya cire shari'un da ba na laifi ba a irin waɗannan kotuna daga ƙarƙashinta.

Abin da Barista_Dattijo ya faɗa a kan ƙirƙirar shari'u yana faruwa da nassin Larabci ma. Za ta rubuto maka baiti ta ce daga Tuhfa ne, ko ibara ta ce daga Mukhtasar ce, wato manyan littattafan fiƙihun Malikiyya, da lafazi mai kama da na littafin, ka buɗe ka rasa. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a da yawansu sun haddace waɗannan matanoni, ba sai sun buɗe ba za su gane. Rabon gado ma, ta iya jero masu rabo, amma in mas'ala ta kai ga auli, wato inda jimlar kason magada ta zarce dukiyar sai an rage wa kowa, ka yi lissafinka a takarda.

Lauya_Mai_Sirri

Ni ina da ɗan saɓani da yadda zancen ke tafiya. Kowa na magana a kan ko amsar daidai ce, ba a tsaya a kan abin da ake lodawa ba, kuma a ganina wannan ne zai fara kai wani gaban kwamitin ladabtarwa.

Doka ta 19 ta ƙa'idojin aikin lauya ta wajabta riƙe sirrin wanda kake wakilta, sashe na 192 na Dokar Shaida kuma ya kare abin da ya gaya maka. Ga Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa, ta kuma ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Abin da ka loda a manhajojin waje, a na'urorin wata ƙasa yake sauka. A nau'in kyauta da na ɗaiɗaikun mutane, kamfanin na iya amfani da hirarka wajen horar da manhajar sai in ka shiga saiti ka kashe. Saboda haka amsar masu cewa na kyauta ya wadatar ita ce, ya wadatar ga abin da kowa zai iya karantawa, kamar hukuncin da aka riga aka buga. Bai wadatar ga bayanin da aka yi maka a ofis ƙofa a rufe ba.

Kafin ku biya, ku nemi amsar waɗannan a rubuce cikin yarjejeniya, ba a bakin ɗan talla ba: ana horar da manhajar da bayananku ko a'a, kwana nawa ake ajiye su, a wace ƙasa, su wa ke iya gani a cikin kamfanin, kuma in kun daina biya yaya ake gogewa. Kowane lauya ya samu nasa asusun, kada mutum huɗu su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, kowace shari'a kuma da nata ɗakin a cikin manhajar, don kada bayanin wata ya zubo cikin amsar wata. Inda za a iya, a cire sunaye da lambar asusun banki da NIN kafin lodawa. A lura, zana baƙin layi a kan PDF ba gogewa ba ne, rubutun na nan a ƙasa kuma manhajar na karanta shi. Ƙungiyar lauyoyin Amurka a ra'ayinta mai lamba 512 na Yulin 2024 ta ce a nemi yardar mai shari'a bayan an fahimtar da shi kafin a sa sirrinsa a manhajar da ke koyo daga abin da aka ba ta, kuma lauyan da ke caji bisa awa ba zai caji awannin da manhaja ta rage masa ba. Ba ta ɗaure mu ba, amma sakin layi ɗaya na neman wannan yardar a takardar ɗaukar aiki ba zai ci muku komai ba.

Ɗaya gefen kuma shi ne hujjar da abokin hamayya zai kawo. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙonsa. Sashe na 84 na Dokar Shaida da takardar shaidar da ƙaramin sashe na 4 ke nema, wanda Kotun Ƙoli ta tsaya a kai a shari'ar Kubor da Dickson, suna magana ne a kan ko na'urar na aiki daidai lokacin da ta fitar da abin. Ba su tabbatar da cewa muryar ta wane ce ba. In ana jayayya a kan saƙon murya ko bidiyo, ka nemi a kawo ainihin wayar da ya fara shiga, ba wanda aka tura sau biyar ba, domin turawa na matse fayil ta kuma goge bayanan asalinsa. Ka nemi ƙwararre ya kwafe shi ya fitar da lambar hash, wato lambar da ke nuna ko an taɓa fayil daga baya, a rubuta hannun da ya bi tun daga ranar. Manhajojin intanet masu cewa suna gano na jabu, kada ka gina ƙararka a kansu.

Barista_Dattijo

Gyaran Lauya_Mai_Sirri ya karɓu, da shi ya kamata a fara. Abu biyu suka rage.

Ƙirga wa'adi kada ya shiga hannunta ko kaɗan. Sashe na 24 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a, wata uku ga hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi. Manhaja kan ɗauki wata uku da kwana 90 abu ɗaya, alhali wata a dokar fassara watan kalanda ne, bambancin kwana ɗaya ko biyu kuma ya isa a ce ka makara. Haka wata ukun da dokar kare jami'an gwamnati ta bayar don shigar da ƙara a kansu. Ba ta kuma san dokar kayyade lokacin shigar da ƙara ta bambanta daga jiha zuwa jiha ba sai ka gaya mata jihar, ko ka gaya mata ma ka buɗe dokar.

Jawabin ƙarshe kuwa, ka fitar da batutuwan da za a warware da kanka, ka tara shari'unka da ka riga ka tantance, sannan ka ba ta ta taya ka tsara zance da rage tsawo, da sharaɗin kada ta ƙara wata shari'a ko sashe da ba ka ba ta ba. Bayan ta gama ka sake bin ambaton duka, domin takan «gyara» lambar kashi ko shafi a wajen sake rubutu. Amfani mafi kyau shi ne ka ba ta jawabinka ka ce ta tsaya a matsayin lauyan ɗaya ɓangaren ta kawo hujjoji biyar mafi ƙarfi a kansa. Biyu za su zama shirme, ɗaya ko biyu kuma za su sa ka koma kundi.

A ofis mai mutum huɗu, ku yi takarda guda da za a maƙala a bayan kowane daftari: jerin shari'un da aka ambata, inda aka buɗe kowacce, shafin, da sa hannun wanda ya buɗe. Tun shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu sai da sa hannun lauyan da sunansa ke cikin rajista, ko sunan ofis bai wadatar ba. Wanda zai sa hannu da hatiminsa shi zai karɓi wannan takarda ya duba kafin a kai rajista, kuma kada ya zama shi ne wanda ya yi daftarin.